Alwalar Sakkwato, Sallar Agege

Asubar Alhamis muka tashi daga Adabka, ni da Baba, a kan babur na aro. An ɗaure buhun guzuri a baya da igiyar rama, Baba kuma ya gicciya sandarsa a cinya, tana ta zungurar mini haƙarƙari. Inna ta raka mu har ƙofar gida, tana ta yi mana addu'a. Tun da muka dawo makon jiya abokan aiki da 'yan'uwa suke damuna da tambayar yadda aka yi tsoho ɗan shekara saba'in ya shiga jirgin sama. To, bari in ba da labarin sau ɗaya, kowa ya huta.

Ni malamin makaranta ne a Bukkuyum, labarin ƙasa nake koyarwa. Ranar Laraba da rana wani tela na bakin kasuwa ya miƙo mini wasiƙa yana ta ba ni haƙuri. Wani direban babbar mota ya bar ta a wurinsa mako uku da suka wuce, ta zame bayan keken ɗinki, sai ranar da ya yi shara ya gan ta. Daga Agege take, can Ikko, daga ɗiyar ƙanen Baba. Ungozoma ce a wani asibiti, ta sami mijin da take so, kuma za a ɗaura auren ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na duba kwanan wata na sake dubawa. Jibi ke nan.

Dole in yi bayanin abin da ya sa wannan takarda ta hana mu zama. Baba da ƙanensa korar shanu suka yi da ƙuruciyarsu, daga ƙasar Gummi har Agege a ƙasa, kwana arba'in in ba a yi asarar hanya ba. A wata tafiya ƙanen ya zauna can, ya yi aure, aka haifi yarinyar nan. Ranar sunanta Baba ya ce masa a gaban mutane, duk ranar da za ta yi aure shi zai ba da ita da bakinsa. Shekara takwas da suka wuce ƙanen ya rasu, labari bai iso mu ba sai bayan an watse daga zaman makoki. Baba bai taɓa yin zancen ba, amma duk gidan mun san abin yana cinsa. A ƙarshen wasiƙar ta rubuta cewa in bai samu zuwa ba, aminin mahaifinta zai tsaya mata, kuma za ta san hanya ce ta hana.

Na ari babur wurin malamin asibitinmu, wani Kirista mutumin kudu mai kirki, na isa gida Adabka bayan la'asar na karanta wa Baba. Ya yi lissafi da yatsu. Ya ce ko babbar mota ce ba ta kai mutum Ikko kafin Asabar a irin wannan damina. Maƙwabta da suka taru suka ce haka ne, a yi haƙuri, a aika da goron albarka daga baya. Ni kuwa, da yake ina da ɗan kai, na ce akwai jirgin sama daga Sakkwato ranar Juma'a da safe. Na taɓa auna tsakanin biranen biyu da zare a taswirar ajinmu, kilomita ɗari bakwai ne da 'yan kai, kuma na ji an ce jirgi yana cinye su a awa ɗaya da kwata. Aka yi mini dariyar da aka saba yi wa ɗan boko. Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “In kana da tabbas, mu tahi. In ba ka da shi, hwaɗa min yanzu.” Gaskiya rabin tabbas nake da shi, amma na ce ina da shi. Babur ɗin da na daɗe ina tarin saye kuwa, a ranar na yi ban kwana da shi, domin kuɗinsa ne za su zama na tikiti.

Hanyar Adabka zuwa Bukkuyum a ƙarshen damina ba ta bukatar gabatarwa ga wanda ya san ta. Gero ya nuna, dawa ta rufe hanya ta dama da hagu, raɓa ta jiƙa mu sharkaf kafin rana ta fito. Sau uku muna sauka muna tura babur cikin laka. A wani rafi da ya cika, wasu makiyaya suka kama mana muka ɗaga shi sama muka ƙetare, ruwa har ƙugu. Baba ya gaishe su da Fulatanci, ya tambayi lafiyar shanu, ya tsaya yana duba wata saniya mai ɗingishi kamar ba mu da wata tafiya a gaba. Hantsi ya yi sosai kafin mu shiga Bukkuyum.

Na mayar da babur, muka shiga a-kori-kura zuwa Gummi. Kuɗin mota ya kusa ninka na rani, direba ya ce laifin ruwa ne. Baba na gaba kusa da direba saboda girma, ni ina baya a kan buhunan albasa, tsakanin wata tsohuwa da akuyarta. A Gummi muka yi azahar, muka ci soyayyen kifi, muka sha fura da nono mai kauri wadda har yanzu ban ga kamarta ba a duk inda muka je. Daga nan muka jira motar Sakkwato ta cika. Wannan jira shi ya fi komai cin raina a ranar, domin mutum biyu kawai ake nema, suka ƙi zuwa har bayan la'asar. Sai da aka yi magariba muka shiga Sakkwato. Wuni guda cur, kuma a taswirata wannan tafiyar ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba. Muka sauka gidan wani ɗan garinmu, shi ya yi mana hanyar tikiti da sassafe.

Filin jirgi yana wajen gari. An ce jirgi ƙarfe goma zai tashi, mu ƙarfe takwas muna can. Wurin awon kaya ne Inna ta ba mu kunya daga nesa. Ashe ita guzurin tafiyar da ta sani ta haɗa: hoce, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin gero, da kwalbar man shanu, abin da zai riƙe mutum biyu mako uku a daji. Mai awo ya leƙa buhun ya tambaye ni ko kasuwanci za mu. Na ce a'a, tafiyar awa ɗaya ce. Ya yi dariya har ya kira abokinsa ya gani. Aka manna wa buhun takarda aka wuce da shi, Baba yana bin sa da ido. Sanda kuwa ya ce ba ya rabuwa da ita, aka ƙyale shi.

Ƙarfe goma ta yi, ba jirgi. Goma da rabi, shiru. Na kasa zama, sai kai da komowa nake ina duba agogo, ina tunanin da wace fuska zan koma Adabka. Baba ko a jikinsa. Wajen sha ɗaya ya ɗauki butarsa ya nufi famfon da ke bayan ginin, kamar yadda yake yi kowace Juma'a da hantsi, ya yi alwala a natse, gaɓa bayan gaɓa. Na bi shi na yi tawa don in sami abin yi. Muna gamawa muka ji rugugi daga sama.

Ba a gaya mini cewa shiga jirgi tsere ake yi ba. Ana buɗe ƙofa sai na ga manyan alhazai sun tattara babbar riga sun zuba da gudu, da ma'aikatan gwamnati masu jakar hannu, kowa yana tsoron kujera ta ƙare. Baba bai yi gudu ba. Takun nan nasa na bin shanu ya buɗe, dogo, mara sauri a ido, sai ga shi ya wuce mutum goma kafin a kai matakala. Ni ne na iso ina haki. Ya samu kujerar taga, ya kama mini ta kusa da shi.

Ma'aikaciyar jirgin da ta zo ɗaura mana ɗamara 'yar ƙasar Zuru ce, Hausa a bakinta raɗau. Ta roƙi Baba sandar da ladabi, ta ce za ta ajiye masa da hannunta. Da ya ji inda ta fito ya lissafa mata garuruwan da suke yada zango a ƙasarsu, ita ma ta sha mamaki. Ƙarfe sha biyu daidai jirgi ya fara gudu. Na rintse ido, ba na jin kunyar faɗa. Da na buɗe, Sakkwato ta koma 'yan akwatunan ƙasa, gulbi ya zama zare. Baba ya manna goshi a taga yana salati a hankali.

Matuƙi ya yi magana da Turanci, na fassara wa Baba cewa nan da awa ɗaya da kwata muna Ikko. Ya ce ko dai wata Ikkon ce daban. Ya ce shi daga nan zai gane, domin akwai abin da ba ya ɓoyuwa a hanyar nan, wato kogin Kwara. Aka kawo shayi da burodi, na karɓa. Baba ya ce a'a. Ma'aikaciyar ta ce kyauta ne, ya ce ya sani. Ta kawo ruwan sanyi, ya ƙi. Na matsa masa, domin tun safe bai sa komai a baki ba. Sai ya raɗa mini cewa in ya sha, fitsari zai kama shi. Na nuna masa ƙofar banɗaki a baya. Ya dube ni da mamaki ya ce, “In zuba ma mutanen Kwantagora bisa kai? Mi sunka yi min?” Na yi masa bayanin cewa ba haka abin yake ba, bai gamsu ba. Sannan ya faɗi ainihin dalilinsa. “Alwalag ga nika riƙo. In maganakka gaskiya ta, da ita za ni sallah.”

Daga nan na lura da irin tsaron da yake mata. Sanyin jirgi da gajiyar jiya suka fara jan idonsa, sai ya miƙe zaune ya ƙi jingina, yana jan carbi da ƙarfi don kada barci mai nauyi ya ɗauke shi. Can muka shiga wani baƙin gajimare, jirgi ya yi wata faɗawa da ta sa kofina ya tashi sama, mata suka yi salati. Baba ya dafe kujera, bai ko motsa ba. Ni dai, don kada in ja zance, tawa alwalar ba ta ƙetare wannan gajimaren ba.

Da sama ta washe sai ga wani ruwa shimfiɗe a ƙasa, faɗinsa ya wuce na kowane gulbi. Baba ya ce wannan bai san shi ba. Nan na samu damar nuna karatuna, na ce tafkin da aka yi ne bayan an datse Kwara, ba ya nan a zamaninsu. Ya ƙura wa ruwan ido, ya ce akwai garuruwan da ya sha fura a cikinsu a ƙarƙashin ruwan nan ke nan. Jim kaɗan ya dafa hannuna ya nuna inda kogin ya fito ya yi gwiwa. Ya ce can gaba Jabba take, nan ne rabin hanya, kwana ashirin da shanu. Na duba agogo, minti arba'in da tashinmu. Bai ƙara cewa wata Ikkon ce ba.

Ɗaya da kwata ta ɗan gota muka sauka. Ana buɗe ƙofa zafi mai danshi ya rufe mu, riga ta manne a jiki nan take. Ma'aikaciyar ta miƙa wa Baba sandarsa da hannu biyu, ya sa mata albarka. A wurin karɓar kaya mutane sun yi cincirindo, ba alamar buhunmu. Na ce mu jira kaɗan. Baba ya ce hoce ba ya ruɓewa, Juma'a kuwa ba ta jira, ya juya ya nufi ƙofa. Haka muka bar guzurin Inna muka shiga tasi.

Agege kusa take da filin jirgin, abin da ya cece mu ke nan. Duk da haka ba mu yi nisa ba muka cije a cunkoson motoci, ga hayaƙi, ga hon, ga masu talla suna cusa mana burodi da lemo ta taga. Direban Bayarabe ne, ya ce ranar Juma'a sai haƙuri. Biyu saura kwata. Baba ya leƙa ya hango layin dogo, ya ce a tsaya. Shekara ashirin da wani abu rabonsa da garin, an gine ko'ina, amma ya ce layin dogo ba ya tashi daga inda yake. Ya shiga gaba, na bi shi a baya da taswirata a ka ba ta amfana mini komai. Muka bi gefen dogo, muka ratsa 'yan goro, muka kutsa wani lungu, sai ga warin kara, inda ake tara shanu. Daga nan muka fara jin huɗuba a lasifika.

Masallacin ya cika ya tumbatsa har titi. A bakinsa ana sayar da ruwan alwala a gwangwani, layi ya yi tsawo, ga shi ana shirin tada iƙama. Na tsaya a layin, ba yadda zan yi. Baba ya miƙo mini buta, ya cire takalmi ya riƙe, ya shige tsakanin sahu ba tare da ya waiwayo ba. Da ƙyar na samu raka'a ta biyu, a kan wani kwali a gefen kwata.

Ana sallamewa na fara kutsawa ciki. Kafin in kai gaba har an yi da'ira, an ajiye ƙwaryar goro da dabino a gaban liman. Wakilin ango ya gabatar da kansa. Liman ya tambayi waliyyin amarya. Wani dattijo mai jan gemu, wanda daga baya na san shi ne aminin marigayi, ya gyara zama ya fara bayanin cewa an aika wa baffanta can arewa, ba a ji amsa ba, don haka shi zai tsaya. Bai rufe baki ba na ji muryar Baba daga sahu na uku.

“Ga ni nan. Ni na baffanta, wan ubanta.”

Duk aka waiwaya. Dattijon ya ɗago ya ƙura masa ido, sannan ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu. Suka daɗe a haka. Daga nan ya tambayi Baba yaushe ya iso gari bai nemi gida ba. Baba ya ce yanzu. Liman ya tambaye shi daga ina.

“Jiya da asuba ina Adabka,” in ji Baba. “Alwalad da niy yi sallag ga da ita kau, ruwan Sakkwato na.”

Aka yi ta maimaita maganar daga sahu zuwa sahu har waje. Tsofaffin 'yan koren shanu da ke wurin, waɗanda suka san hanyar da tafin ƙafarsu, suna ta girgiza kai. Aka matsa wa Baba ya zauna kusa da liman. Wakilin ango ya nemi auren sau uku, sau uku Baba yana cewa ya ba shi. Aka shafa fatiha. Ina tsaye a jikin ginshiƙi da buta da takalmana a hannu, kuma tun da nake ban taɓa jin alfahari da ubana irin na wannan lokacin ba. Na ɗan ji da kaina ma, ba zan ɓoye ba.

Labari ya riga mu isa gida. Amaryar ta fito tsakar gida da lalle a hannu, ta durƙusa a gaban Baba. Matan gidan suka ce tun safe ta ƙi cin abinci. Ta ce, “Baffa, ka zo.” Ya ce, “Na ce ma ubanki ina zuwa.” Sai a lokacin ya nemi ruwa, ya shanye kofi biyu, ya tambayi inda bayan gida yake.

Kwana uku muka yi. Ranar Asabar aka kai Baba kabarin ƙanensa, na bar shi shi kaɗai, ya daɗe. Ni kuma na koma filin jirgi na samo buhun Inna a wani lungu, lafiya lau, sai man shanun da ya narke. Ikko gari ne da ayaba da lemo suke araha, nono kuwa sai mai hali, kuma har muka taho Baba bai daina mamakin a sayar wa Musulmi ruwan alwala ba.

Dawowa jirgin ƙasa muka shiga, domin aljihu ya ce haka. Kwana biyu muna ciki kafin Gusau, muna cin hoce da ƙuli-ƙuli, muna raba wa maƙwabtan kujera. Baba ya fi jin daɗin wannan, yana nuna mini Abekuta da Badun da Ilori, da gadar Jabba, da inda ɓarayi suka taɓa tare su, da inda wani sa ya karye suka yanka. Daga Gusau muka shiga motar Anka, muka kwana can saboda ruwa, washegari Bukkuyum, sannan babur ɗin malamin asibiti ya sake shan wahala.

Da la'asar muka shiga Adabka. Mutanen da suka yi mini dariya suna zaune a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu. Bayan gaisuwa wani ya tambayi nisan Sakkwato da Ikko a jirgin sama. Na buɗe baki zan zuba kilomita da mintuna, Baba ya riga ni. Ya ce alwala guda ce, in mutum ya iya riƙo. Na rufe bakina, domin a shekara tara da nake koyar da labarin ƙasa ban taɓa ba da amsar da aka gane nan take irin wannan ba.

Abin da na koya a tafiyar nan ba shi da yawa. Ikko ba ta da nisa, tsakanin ƙofar gidanmu da kwalta ne nisan yake, kuma wasiƙa tana iya yin mako uku a bayan keken ɗinki. Na kuma gane cewa taswira da agogo nawa ne, amma da a ce ni kaɗai ne, da har yanzu ina tsaye ina jiran buhu. Wanda ya yi alkawarin shi ya kai mu.

Inna ba ta fito wurin taron ba. Sai da mutane suka watse muka shiga ciki, muka same ta tana dama fura. Ba ta tambayi jirgi ba, ba ta tambayi Ikko ba. Ta dubi Baba ta ce, “Malam, kai ka ba da ita?”

Ya jingine sandarsa a bango, ya zauna a kan tabarma. “Da bakina,” in ji shi.

Ta ce alhamdu lillahi, ta tura masa ƙwaryar gabansa.